Sharhi kan aikin masu ba gwamnatin Niyu Zilan shawara game da lafiyar 'yan asalin tsibiran Fasifik

A ƙidayar 2023 an samu mutum sama da 440,000 a Niyu Zilan waɗanda asalinsu daga tsibiran Fasifik ne, kusan kashi 9 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Kusan rabinsu 'yan Samowa ne, sai 'yan Tonga, tsibiran Cook, Niue, Fiji, Tokelau da Tuvalu, kuma mafi yawansu a birnin Okland suke, musamman unguwannin kudu irin su Māngere da Ōtara. Tsawon rayuwarsu ya gaza na Turawan ƙasar da shekara biyar zuwa shida. Domin rage wannan giɓi ne gwamnati ke tara likitoci, ma'aikatan jinya da masu bincike daga cikin al'ummar su ba ta shawara. Hukuncina a kan wannan hidima shi ne, shawarar tana da inganci ƙwarai, amma ba a gina mata inda za ta tsaya da ƙafarta ba.

Tsarin da ake kai yanzu ya samo asali daga dokar Pae Ora, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2022. Ita ta rushe hukumomin lafiya na gundumomi guda 20, ta haɗe su a hukuma ɗaya, ta kuma wajabta wa ministan lafiya ya fitar da manufar lafiya ta musamman ga 'yan Fasifik. Manufar ta fito a Yulin 2023 da suna Te Mana Ola. Kafin ita akwai shirin Ola Manuia na 2020 zuwa 2025. Yadda ake tattara ra'ayi ya burge ni: ba takardar tambayoyi ake turawa a intanet kawai ba, ana kiran fono, wato taron al'umma, a zauren coci ko ɗakin taron unguwa, a buɗe da addu'a, a ci abinci, a yi magana da yaren mutane. Masanan kuma sukan auna abin da suka ji da tsarin Fonofale na Fuimaono Karl Pulotu-Endemann, wanda ya ɗauki iyali a matsayin harsashin lafiyar mutum, al'ada kuma rufinta.

Inda hidimar ta fi amfani shi ne inda aka mayar da shawara lamba, wadda likita zai gani a kwamfutarsa ya yi aiki da ita. Ƙa'idar 2018 ta auna haɗarin ciwon zuciya ta ce a fara duba mazan Fasifik tun suna shekara 30, mata 40, alhali galibin sauran jama'a 45 da 55 ne, domin cutar na kama su da wuri. A 2021 hukumar sayen magunguna, Pharmac, ta fara biyan kuɗin empagliflozin da dulaglutide ga masu ciwon suga, ta kuma sa kasancewa ɗan Māori (ƙabilar asali ta Niyu Zilan) ko ɗan Fasifik cikin sharuɗɗan samun su, saboda ƙodarsu ta fi saurin lalacewa. Wannan ba dogon jawabi ba ne, magani ne a hannun majiyyaci.

Zazzaɓin da ke lalata ƙofofin zuciya ya isa misali na kusa. Yakan fara ne da ciwon makogwaro daga wata ƙwayar cuta, kuma yaran Fasifik ne suka fi kowa kamuwa a ƙasar. A makarantun kudancin Okland, ƙarƙashin shirin Mana Kidz, ana tambayar yara a aji wa ke ciwon makogwaro, a goga auduga a ciki, a aika ɗakin gwaji. In an ga ƙwayar, yaro zai sha amoxicillin kwana 10 cur. Matsalar ita ce bayan kwana uku ciwon ya lafa, sai a ajiye kwalbar. Wanda cutar ta riga ta kama kuma zai riƙa karɓar allurar penisilin duk kwana 28, aƙalla shekara 10, allura mai zafi da kauri, wadda samari ke gudu, kuma iyalin da ke sauya gidan haya sau da yawa sukan ɓace wa ma'aikaciyar jinya. Masana sun daɗe suna cewa gwajin makogwaro kaɗai ba zai wadatar ba muddin mutane suna cunkushe a gida mai sanyi da danshi. A nan hannunsu ya gaza, don gidaje ba na ma'aikatar lafiya ba ne, shirin gyaran gidaje da aka fara a 2013 kuma bai kai girman matsalar ba.

Akwai wani lahani a alƙaluman da ake ba masanan. A yawancin rahotannin lafiya, wanda ya ce shi ɗan Māori ne kuma ɗan Samowa, a Māori kaɗai ake ƙirga shi. Sannan ana zuba kowa a kwando ɗaya mai suna Fasifik, alhali yaren ɗan Tonga daban, cocinsa daban, matsayinsa na zama a ƙasar ma daban da na ɗan Niue, wanda aka haifa da takardar zama ɗan ƙasa.

Babban raunin dai na doka ne. Pae Ora ta ambaci kwamitin ba da shawara kan lafiyar Māori da sunansa, amma ga 'yan Fasifik manufa kawai ta wajabta, ba zauren masana ba. Don haka majalisar masanan Fasifik da hukumar lafiya ta kafa tana rayuwa ne da yardar wanda ke kan kujera, kamar ɗan haya marar takarda. An ga haka a fili. A Disambar 2023 Sir Collin Tukuitonga, likita ɗan asalin Niue da ke shugabantar majalisar, ya ajiye muƙaminsa bayan sabuwar gwamnati ta ce za ta soke dokar hana shan taba, wadda za ta haramta sayar da sigari ga duk wanda aka haifa daga 2009, ta rage shagunan da ke sayarwa daga kusan 6,000 zuwa 600. An soke ta a farkon 2024. Haka gwajin sankarar hanji: kasafin 2022 ya ware kuɗi don fara gwada Māori da 'yan Fasifik daga shekara 50 maimakon 60, an ma fara a wasu yankuna kamar Waikato, sai a Maris 2025 aka sanar da sauya shi zuwa 58 ga kowa. Hujjar gwamnati ita ce buƙata za a bi, ba ƙabila ba. Ni ban gamsu ba, domin kaso mai yawa na masu wannan sankara a cikin al'ummar nan yana bayyana ne kafin su kai shekarun gwajin.

Jinkiri ma yana ci musu tuwo a ƙwarya. A 2021 likitocin Fasifik sun yi gargaɗin cewa raba rigakafin korona bisa shekaru zai bar al'ummarsu a baya, tunda yawancinsu matasa ne da ke zaune gida ɗaya da kakanni. Da nau'in Delta ya ɓarke a watan Agusta, wani cocin 'yan Samowa a Māngere ya zama inda cutar ta fi yaɗuwa. Sai a lokacin aka sakar wa ƙungiyoyin al'umma kuɗi da iko sosai, suka shirya rigakafin cikin mota a harabar coci, ana kiɗa, ana raba abinci, adadin waɗanda aka yi wa allura ya ɗaga cikin 'yan makonni.

Gyara uku nake ganin sun zama dole: a sa zauren masanan a cikin doka, a riƙa buga shawararsu ga jama'a tare da amsar minista a rubuce in ya ƙi bi, a kuma ware alƙaluman Samowa, Tonga da tsibiran Cook kowanne daban kafin a ajiye su gaban masanan.