Hasken zafi a iskar teku da iskar Damagaram

Ɗan'uwa ya tambaya ko kyamarar zafi da ke hango abu daga nesa a nan Damagaram za ta kai wannan nisan a gaɓar teku, kamar a Kwatano. Amsar ita ce a'a, domin abin da ke tare hasken infirared, wato hasken zafi da ido ba ya gani wanda kyamarar ke kamawa, a wuraren biyu ba ɗaya ba ne.

Hanyar auna yawan hasken da ke ratsa iska dai ɗaya ce. Ana girka na'ura mai fitar da zafi sananne a wani tsauni ko gaɓa, a sa mata faifai mai juyawa da ke yanka hasken, don a bambanta shi da zafin rana da na ƙasa, sannan a kafa madubin hangen nesa a tazarar wasu kilomita a auna abin da ya iso. Ana yin haka a tagogi biyu, wato tsawon zangon haske da iska ke barin ya ratsa, wanda ake aunawa da maikiromita (ɗaya bisa miliyan na mita): maikiromita 3 zuwa 5, da 8 zuwa 12.

A saman teku mai ɗumi, babban abokin gaba tururin ruwa ne. Iskar can tana ɗauke da wajen giram 20 na tururi a kowace mita kubik, kuma a tagar 8 zuwa 12 shan hasken yana ƙaruwa fiye da ninki biyu idan tururin ya ninka, shi ya sa masu aikin jiragen ruwa a yankunan zafi suka fi dogara da tagar 3 zuwa 5, duk da giɓin da iskar kabon (CO2) ke yi mata a maikiromita 4.3. Ga kuma gishirin da igiyar ruwa ke fesawa, wanda ke shan laima ya kumbura da zarar danshi ya haura kashi 75 cikin ɗari, ya riƙa warwatsa hasken.

A nan gida, cikin hunturu, tururin sau da yawa bai kai giram 5 ba, don haka ta fuskar tururi tagar 8 zuwa 12 a buɗe take. Matsalarmu hazo ne, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Cadi, wadda ke shan haske a wajajen maikiromita 9 zuwa 10. Amma a watan Agusta, tsakiyar damina, iskarmu tana kusantar ta teku a wajen danshi, kuma wannan ne nake son a kula da shi sosai.

Shawarata, duk wanda zai yi awo ya rubuta zafi da danshi da nisan gani a lokaci guda, sannan ya gwada sakamakonsa da lissafin manhajar MODTRAN, mai ƙiyasta yawan hasken da ke ratsa iska, kafin ya yarda da nisan da mai sayarwa ya faɗa.