Sharhina kan AutoCAD bayan na zauna na gyara saitin sikirin

Na kai shekara uku ina zana filan ɗin gidaje da AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta, a yadda na same shi, ban taɓa ko leƙa saitinsa ba, yadda aka ɗora min shi a laftof haka na ci gaba da aiki, ido na zafi kai na sarawa ni kuma ina cewa ai haka sana'ar take. Ranar da abin ya canza wani abokin aikina da ya girme ni ya tsaya a bayana yana kallon filan ɗin da nake yi, ya yi shiru can sai ya ce "ƙanena, wanne ne bango wanne ne kujera a nan?" Na buɗe baki zan nuna masa sai na ga ni ma sai na yi zumin sannan na bambance. Ya miƙo hannu ya rubuta LWDISPLAY, kwamand ɗin nuna kaurin layi, ya sa shi a kunne, wallahi kamar an wanke min ido, bangon ya fito da kaurinsa, ƙofofi da tagogi suka koma sirara, kayan ɗaki suka ja baya. Zanen nan dai shi ne, babu layi ɗaya da aka ƙara.

Toh daga nan na ware kwana biyu ina bin saitin ɗaya bayan ɗaya, yanzu wata shida kenan ina aiki da shi a haka, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Maganar kaurin layi ita ce babba gaskiya. Da ma ina ba leyoyina, wato rukunonin da ake raba layukan zane a cikinsu, kauri, bangon da aka yanka 0.50, ƙofa da taga 0.25, layin awo da kayan ɗaki 0.18 ko 0.13, duk a milimita, amma duk a takarda kawai nake ganinsu bayan firintin, a sikirin komai siriri ɗaya. Da ka kunna sai ka riƙa ganin kuskure tun kafin ya kai takarda, misali na sha zana bango a leyar kayan ɗaki ban sani ba, yanzu da na ga ya fito siriri na san akwai matsala. Amma a kula, a ɓangaren Model, inda ake yin ainihin zanen, kaurin ba ya bin zumin, ko ka matso ko ka ja baya yana nan yadda yake, saboda haka idan ka ja baya sosai layukan sai su cunkushe su zama kamar an zubar da tawada. Akwai wani ɗan maja a cikin LWEIGHT da ake rage girman yadda yake nunawa, ni na ja nawa baya kaɗan. A Layout, inda ake shirya takardar bugawa, ne kaurin ke fitowa daidai da yadda firinta zai buga shi, can nake zuwa in tabbatar.

Sai kalar bayan allo. Wannan mutane har musu suke yi a kai kamar ƙwallo, wasu baƙi ƙirin, wasu fari. Ana canzawa ta OPTIONS, shafin Display, sai Colors. Wanda yake zuwa da shi wani toka-toka ne mai duhu da ɗan shuɗi, lambarsa 33,40,48, na gwada fari sati ɗaya saboda wai ya yi kama da takarda, yalo ya ɓace min gaba ɗaya, layin awona kuwa duk yalo ne, na koma baƙi ƙirin nan kuma bulu mai lamba 5 ya zama sai ka ƙanƙance ido kafin ka gan shi. A ƙarshe na dawo inda na baro, na bar bayan allon yadda yake na canza kalolin leyoyina, na daina amfani da bulu ɗin nan kwata-kwata. Kala ta 7 ita ce mai wayo, fara ce a kan duhu baƙa a kan haske, ita na ba bango. Kala ta 8 mai toka ita na ba hacin, wato zanen da ake cike fili da shi, da kayan ɗaki don kar su yi ta ihu a kan filan.

Gicciyen maus ɗin nan da yake zuwa ɗan ƙarami, CURSORSIZE ɗinsa 5 ne, na mai da shi 100 ya ratsa sikirin daga gefe zuwa gefe. Kwana biyun farko ya dame ni ba kaɗan ba, amma yanzu ba zan iya komawa ba, da shi nake duba ko tagar sama ta hau daidai kan ta ƙasa a elebeshan, wato zanen fuskar gini, ba tare da na ja layin taimako ba. Ɗan akwatin tsakiya kuma, PICKBOX, daga 3 na kai shi 6 saboda sikirin ɗina ƙananan abubuwa yake nunawa, in na wuce haka sai ya riƙa kwaso layin da ban nema ba.

Abin da ya fi cin raina a da shi ne da'ira da take komawa mai kusurwa-kusurwa in na yi zumin, har na taɓa goge bakan wata ƙofa na sake zanawa sau biyu ina zaton hannuna ne. Ashe da'irar lafiyarta ƙalau, manhajar ce ke nuna ta da gajerun layuka don kar ta wahalar da kwamfuta, ka rubuta RE kawai ta sake lissafi sai ta dawo sumul. In kana so ya ragu sai ka ɗaga VIEWRES, yana kaiwa har 20000, ni dai ban kai can ba don laftof ɗina ba saurayi ba ne. A GRAPHICSCONFIG ma akwai inda ake kunna aikin katin girafik da santsin layi, da na kunna layukan da suka karkata suka daina yin kamar matakala. Sai dai a nan laftof ɗin nawa ya nuna gajiyarsa, in fayil ya yi nauyi fanka ta fara kuka, sai na kashe ɗaya daga ciki na bar ɗaya. Wannan kam kowa da ƙarfin na'urarsa.

LTSCALE kuwa, mai saita girman tsinke-tsinken layi, sai da na yi kamar in yi kuka. Layin tsinke-tsinke na bim ko na rufin da ke sama, ka zaɓa masa irin layinsa daidai amma ya fito a miƙe ɗoɗar kamar bango, ka ɗaga lambar ya gyaru a Model ka shiga Layout ya lalace. Abin da ya zauna min shi ne na bar LTSCALE da PSLTSCALE da MSLTSCALE duk a 1, sannan na saita sikelin da ke ƙasan allo ya zama 1:100 ko 1:50 yadda zan buga, sai na rubuta REA ta sake lissafin komai. In har yanzu bai yi ba duba fayil ɗin layukan da aka loda, acadiso.lin na masu milimita ne, acad.lin na masu inci, tsakaninsu ninki 25.4 ne, ba ƙaramin bambanci ba.

Akwai XDWGFADECTL da ke dusashe zanen da ka jawo daga wani fayil, 50 yake zuwa, na kai shi 70 in ina ɗora wayarin ko famfo a kan filan ɗin wani, aikina ya fito nasa ya koma inuwa. HATCHTOBACK na tura hacin baya kar ya rufe rubutu. Girid kuma F7 na danna na kashe, ban taɓa ganin amfaninsa ba ni dai.

In za a tambaye ni ko ina ba da shawarar a ɓata lokaci a kan wannan, eh, musamman mai zama awa shida bakwai gaban sikirin. Abin da zan ce a shirya masa shi ne saitin ba a wuri ɗaya suke ba, wasu a OPTIONS wasu sai ka san sunan kwamand ɗin da ka, kuma abin da ya ruɗa ni da farko, wasu fayil suke bi wasu kwamfuta suke bi. Kalar bayan allo da girman gicciye suna zaune a kwamfutarka, amma LTSCALE da nuna kaurin layi suna cikin zanen, shi ya sa in wani ya turo maka nasa sai ka ga komai ya birkice ka ɗauka naka ne ya lalace. Na fayil na zuba su a tamfilet ɗina na dwt, duk sabon aiki daga shi nake farawa, na kwamfuta kuma na shiga shafin Profiles na fitar da su a fayil ɗin arg na ajiye a filash. Watan jiya da aka yi wa laftof ɗin fomat minti biyu ya ɗauke ni na dawo da komai, har gicciyen.