Kaka guda a shirin koyar da yara wasan golf: abin da ya gamsar da ni da abin da ya rage

Tun farkon bazara na sa yarana biyu, mace mai shekara 13 da namiji mai shekara 9, a shirin koyar da yara wasan golf da wani filin hukumar birni yake gudanarwa a nan Amurka, kuma da gangan na dakata har kakar ta ƙare kafin in faɗi ra'ayina, domin wannan wasa da kafafen labaranmu suke kira ƙwallon lambu ba a gane ingancin koyarwarsa cikin mako biyu ko uku. Takardar tallar shirin ta yi alkawarin abubuwa uku, wato darasi kowane mako, da shirya yara don gasar gwada ƙwarewa, da kuma damar aikin sa kai ga waɗanda suka ɗan tasa. An cika alkawuran duka, sai dai ba da mudu ɗaya aka auna su ba, kuma abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe can ƙasan takardar, wato aikin sa kai, shi ne ya fi amfanar yarana.

A ranar farko, kafin kowa ya taɓa ƙwallo, mai horarwa ya jera yaran a jikin bango ya auna tsawon kowanne, sannan ya raba musu sandunan aro gwargwadon tsayinsu ba shekarunsu ba. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin kuskuren da iyaye da yawa suke yi shi ne su yanke tsohuwar sandar babba su miƙa wa yaro, alhali kan sandar yana nan da nauyinsa, jikinta kuma ya ƙara tauri saboda an gajarta ta, sai yaron ya koyi fizga da dukan jikinsa maimakon ya koyi lilo. Matsalar da ta sa aka kafa kamfanin U.S. Kids Golf ke nan a 1997, kuma irin sandunansa marasa nauyi ne shirin yake ba da aro. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14, amma ƙaramin ɗana da guda biyar ya yi kakar gaba ɗaya, kuma ban ga ranar da ya nemi ta shida ba.

Tsarin koyarwar ya fara ne daga bakin rami ya koma baya, kuma a ganina nan ne gwanintar mai horarwar take. Makonnin farko a kan lallausar ciyawar da ta kewaye rami aka yi su, ana koya wa yara mirgina ƙwallo zuwa ramin da faɗinsa bai wuce inci 4.25 ba, wato ƙasa da santimita 11. Na tsaya kusa na ga yadda yake yi: ya ajiye ƙwallaye shida a da'ira, kowacce taku ɗaya daga ramin, ya ce yaro ba zai matsa baya ba sai ya jefa dukansu a jere, wanda ya kuskure ta biyar kuma ya koma ta farko. Ɗana, wanda a gida ba ya iya zama minti biyu wuri ɗaya, ya sake farawa sau huɗu ba tare da ya yi ƙorafi ba, da ta shida ta faɗa kuwa sai ya waiwayo yana nemana da ido. Daga nan aka koma ɗan gajeren bugun da yake ɗaga ƙwallo ta tsallake ciyawa mai kauri, sai daga baya aka zo kan dogon bugun da kowane yaro yake ɗokinsa. Batun kariya ma ba a yi sakaci da shi ba, domin an zana wa mai bugu wurin tsayawarsa, masu jira suna can baya da layi, kuma tun ranar farko aka koya musu ihun gargaɗin da ake yi idan ƙwallo ta nufi mutane.

To, a wannan layin jiran ne babban aibin shirin yake. Yara goma ne a hannun mai horarwa ɗaya, darasin kuma awa guda ne, don haka da aka koma filin gwajin dogon bugu sai ya zama tsayuwa ta fi bugu yawa. Wata rana na ƙirga da kaina, na tarar ƙwallo 14 kawai ɗana ya buga cikin awar nan, sauran lokacin yana tsaye yana tonon ƙasa da kan sandarsa. Abin da ya fi wannan damuna shi ne ƙarancin shiga ainihin filin wasa, domin sau uku kacal aka kai su a duk kakar, shi ma da yamma lis bayan manya masu biyan cikakken kuɗi sun gama, ana gaggawa kada duhu ya yi. Na fahimci cewa filin da kuɗin manya yake rayuwa, amma yaron da bai taɓa tsintar ƙwallonsa a gindin bishiya ko a kan gangara ba, bai san golf ba tukuna, ko da ya iya bugu a kan shimfiɗa mai laushi. Akwai kuma sakaci wajen sanarwa: sau biyu muka isa filin kafin saƙon soke darasi saboda tsawa ya shigo wayata. Soke darasin daidai ne, domin ba a wasa da tsawa a buɗaɗɗen fili da sandar ƙarfe a hannu, jinkirin sanarwar ne ba shi da uzuri.

Gasar da shirin yake shirya yara dominta ita ce Drive, Chip and Putt, wadda masu shirya Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, da hukumar golf ta Amurka USGA da ƙungiyar ƙwararru ta PGA ta Amurka suka kafa tare a 2013. Kyauta ake shiga, kuma ta yara ce maza da mata daga shekara 7 zuwa 15, an raba su rukuni huɗu na shekaru: 7 zuwa 9, 10 zuwa 11, 12 zuwa 13, da 14 zuwa 15. A matakin farko yaro bugu tara kawai yake yi, uku na nesa, uku na ɗagawa, uku na mirginawa, kowane bugu kuma yana iya kawo maki har 25. Dogon bugu dole ya tsaya cikin zirin da faɗinsa yadi 40 ne, in ba haka ba babu maki komai nisansa, mirginawar kuma daga ƙafa 6 da 15 da 30 ake yin ta. Wanda ya tsallake matakai uku na tankaɗe da rairaya yana shiga cikin yara 80, maza 40 mata 40, da suke karawa a filin Augusta National na jihar Jojiya ranar Lahadin da take gabatar makon Masters. Akshay Bhatia, wanda yana cikin yaran da suka yi wasan ƙarshe na farko a 2014, ya dawo wannan fili a 2024 yana ɗan wasan Masters sosai, kuma masu horarwa ba sa gajiya da ba yara wannan labari.

A nan shirin ya taka rawar gani, domin mako uku kafin gasar mai horarwa ya shimfiɗa igiya ya fitar da zirin yadi 40, ya zana da'irorin maki kewaye da rami, ya kuma sa yaran su yi bugunsu tara ɗaya bayan ɗaya sauran suna kallo shiru, don su ɗanɗani yadda hannu yake rawa idan idanu sun yi yawa. Ya nanata musu lissafin da yara ba sa son ji, cewa kashi biyu cikin uku na makin a kusa da rami yake. 'Yata ba ta ɗauki maganar da muhimmanci ba sai ranar gasar, inda ta saki bugun farko da dukan ƙarfinta, ƙwallon ta yi nisan da ba ta taɓa yi ba amma ta karkace dama ta fita daga zirin, alƙali ya rubuta sifili. Ta rage ƙarfi a sauran biyun, ta jefa ta ƙafa 6 cikin rami, ta ƙafa 30 kuma ta tsaya dab da baki, amma duk da haka ba ta shiga cikin ukun da suka wuce ba. A mota ba ta ce uffan ba, washegari kuwa ita ta tashe ni tana neman in kai ta ta yi gwajin bugun ɗagawa. Bugu tara ba sa nuna gwanin golf, kuma na ga iyayen da suka ɗauki abin da zafi har suna yi wa yara faɗa a wurin ajiye motoci, amma a matsayin madubin da yake nuna wa yaro inda rauninsa yake ban ga abin da ya kai ta ba.

Aikin sa kai shi ne ɓangaren da na shiga shirin ban ba shi muhimmanci ba, na fito kuma shi nake fara ambata idan an tambaye ni. Daga shekara 12 ake ɗaukar yara, kuma aikin ba na ado ba ne. Ana ba su kwalbar yashi gauraye da irin ciyawa su bi fili suna cike gurbin da sanduna suka ƙwaƙule, su gyara lotsawar da ƙwallo take yi a lallausar ciyawa, su share ramukan yashi da manjagara, a wata gasar manya da aka yi a filin kuma su ne suka riƙa ɗaukar allon maki suna bin 'yan wasa rami 18. Mafi amfani duka shi ne taimaka wa mai horarwa a ajin 'yan shekara 5 da 6. Na ga 'yata ta durƙusa tana gyara wa wata ƙaramar yarinya riƙon sanda, tana faɗa mata daidai kalmomin da ita kanta aka yi wata biyu ana faɗa mata tana ƙin ji, kuma daga wannan makon nata riƙon ya daidaita. Shirin yana rubuta awoyin da kowane yaro ya yi ya ba shi takardar shaida, abin da yake da amfani a nan saboda makarantun sakandare da yawa suna neman awoyin hidimar al'umma, jami'o'i ma suna dubawa. Da a ce masu shirin za su tura waɗannan matasa zuwa ajin 'yan shekara 9 da 10, da sun rage dogon layin da na yi kuka da shi ba tare da sun kashe ko dala ɗaya ba.

Inda aka yi ƙwauron bayani shi ne hanyoyin da suke gaba. Sai da na tambaya da kaina kafin aka yi mini maganar tallafin karatu na Evans, wanda ƙungiyar golf ta Western Golf Association take gudanarwa tun 1930 da sunan Chick Evans, tsohon mai ɗaukar jakar 'yan wasa da ya ci manyan gasannin ƙasar biyu a 1916. Tallafin yana biyan kuɗin jami'a da na masauki ga matasan da suka yi aikin ɗaukar jaka, idan sakamakon karatunsu da halayensu sun yi kyau kuma iyalinsu suna da buƙata. Haka ma shirin Youth on Course, wanda yake ba yaran da suka yi rajista damar yin wasa a filayen da suka shiga tsarin a kan dala 5 ko ƙasa da haka, daga bakin wata uwa na ji shi ba daga ofishin filin ba. Ga iyalin da babu ɗan golf a cikinsa, irin wannan bayani ya kai darasi daraja, kuma takarda guda a jikin allon sanarwa ta isa.

Game da tarbiyya, shirin ya ari salon ƙungiyar First Tee, wadda aka kafa a 1997, shekarar da Tiger Woods ya ci Masters yana da shekara 21 da ratar bugu 12, ta kuma gina koyarwarta a kan ɗabi'u tara da suka haɗa da gaskiya da ladabi da juriya. Na ji tsoron abin zai zama wa'azi, amma mai horarwar bai cika surutu ba, katin maki da fensir kawai ya damƙa wa kowane yaro. Sau ɗaya ya ba su labarin Bobby Jones, wanda a gasar US Open ta 1925 ya ci kansa tarar bugu ɗaya saboda ƙwallonsa ta motsa, alhali alƙalai ba su ga motsin ba, daga ƙarshe kuma ya rasa kofin a wasan raba gardama. A fitarsu ta uku cikin fili ina biye da ɗana ina ƙirga masa, da muka gama wani rami na ce bakwai, sai ya ce, "Baba, takwas ne, akwai wanda na kai wa duka na kuskure a bayan bishiya." Doka tana ƙirga irin wannan a matsayin bugu muddin an yi niyyar dukan ƙwallon, ni kuwa ban ma gani ba.

Kuɗin rajistar ba shi da tsanani idan aka kwatanta da darasin mutum ɗaya a wurin ƙwararre, kuma tunda ana ba da aron sanduna, safar hannu da ƙwallaye ne kawai na saya, ƙwallayen kuwa rabinsu suna ƙasan tafkin rami na huɗu. Ainihin tsadar lokacin iyaye ce, domin yaron da ba a kawo shi gwaji tsakanin darasi da darasi ba zai ga ci gaba da awa guda a mako ba.

Ga yaron da bai taɓa riƙe sanda ba, musamman ɗan ƙasa da shekara 11, ina ba da shawarar shirin ba tare da shakka ba, kuma na riga na sabunta rajistar ɗana. Wanda ya riga ya iya bugu kuwa zai ƙosa da jiran layi tun kafin tsakiyar kaka. Saboda haka 'yata za ta koma PGA Jr. League a bazara mai zuwa, inda yara suke wasa ƙungiya ƙungiya da riguna masu lamba, abokan wasa kowa ya buga sannan a zaɓi ƙwallon da ta fi kyau a ci gaba daga wurinta, wanda hakan zai ba ta shiga filin da ta rasa a bana. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini, cewa kada sabon jadawalin ya ci karo da safiyar Asabar, domin ta riga ta yi wa ajin 'yan shekara 5 alkawarin za ta dawo.