Dinariyus ko Antoniniyanus: Wanne Ya Kamata Mai Farawa Ya Saya?

Duk wanda ya yi niyyar fara tara sulallan azurfa na sarakunan Rum zai tarar iri biyu ne suka fi yawa a hannun dillalai, wato dinariyus da antoniniyanus. Bambanta su ba shi da wuya, domin a kan dinariyus galibi sarki yana sanye da kambin ganye, a kan antoniniyanus kuwa kambin yana da tsinaye kamar hasken rana.

Dinariyus na zamanin Sarki Augustus yana da nauyin kusan giram 3.9, kuma azurfarsa kusan tsantsa ce. Sarki Nero ya rage nauyinsa da ingancinsa a shekarar 64 Miladiyya, sarakunan da suka biyo baya suka ci gaba da ragewa, har azurfar ta koma kusan rabi a zamanin Septimius Severus. Shi kuwa antoniniyanus, Caracalla ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 215, nauyinsa kuma bai wuce na dinariyus ɗaya da rabi ba, ko da yake masana sun ɗauka darajar dinariyus biyu aka ba shi. Zuwa ƙarshen mulkin Gallienus, tagulla ce kawai da ɗan shafen azurfa.

A ganina, mai son azurfa mai kyau da rubutun da zai iya karantawa ya nemi dinariyus na Trajan ko Hadrian, domin an buga su da yawa kuma zanensu ya fita sosai. Wanda aljihunsa bai kai ba ya ɗauki antoniniyanus na Gordian na Uku, wanda ya yi mulki daga 238 zuwa 244. Yana da araha, kuma da sauran azurfa a jikinsa. Dinariyus na Caligula da Otho kuwa a bari sai ido ya buɗe, saboda tsadarsu ita ke jawo masu jabu.

Kafin biyan kuɗi a nemi sanin nauyin, a kuma duba gefen sulen da kyau. Na gaskiya da guduma aka buga shi, saboda haka layin haɗi a gefe ko ƙananan ramuka a fuska alama ce ta zubi, wato jabu ne da aka yi da narkakken ƙarfe. Akwai kuma jabun da aka yi tun zamanin Rumawa, mai cikin tagulla da fatar azurfa, wanda yake da tasa darajar amma bai cancanci farashin na asali ba. Dillalin da ya ƙi bayyana inda sulen ya fito, ko ya ƙi yarda a dawo masa da shi idan ya zama jabu, gara a nemi wani.