Linux ko Windows: Amsa ga Malam Kan Kwamfutocin Makaranta

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ka shaida wa 'yan ƙungiya cewa 'yan uwa mazauna Jamus sun aiko wa makarantarku ta Nima a Accra da tsofaffin kwamfutocin tebur masu Windows 10, wani tsohon ɗalibinka da ke jami'a ya ce a goge a sa Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, tunda kyauta ce, mai gyara kuma a Circle ya ce a bar masa zai ɗora Windows 11 ko ta halin ƙaƙa. Ka kuma tambayi makomar kwamfutar ofis, wadda ake buga jarrabawa da takardun shaida a kanta. Shawarata ita ce a sa Linux a na ɗalibai, ta ofis kuma a tsayar da ita a kan Windows ta halas.

Microsoft ta fitar da Windows 10 a watan Yulin 2015, ta kuma daina ba ta sabuntawar tsaro ta yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da wani shiri na ƙarin wa'adi wanda ga ɗaiɗaikun mutane aka fara sanar da shi na shekara ɗaya kacal. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi kamar yadda ta saba, sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya, babu mai toshe ta. Irin wannan sakaci ne ya ba manhajar WannaCry damar durƙusar da asibitoci a Birtaniya a watan Mayun 2017, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, ba a dai sa shi ba. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: ram gigabait 4, rumbun ajiya gigabait 64, wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda idan na Intel ne bai gaza zubi na 8 ba, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ofisoshin Turai ke sallamawa sun girmi haka. Dabarar mai gyaran ita ce tsallake wannan bincike, kuma tana aiki, amma Microsoft da bakinta ta ce ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta na'urar da aka sa wa Windows 11 ta wannan hanya ba.

A takarda, kwatancin kuɗi mai sauƙi ne: lasisin Windows 11 Home dala 139 ne a shagon Microsoft, Linux kuma ko sisi. To amma a zangonninmu mutum nawa ne ya taɓa biyan dala 139? Ko dai na'urar ta zo da lasisinta daga kamfani, ko kuma mai gyara ya sa ta sata, ya bi ta da wata 'yar manhaja da ke yaudarar tsarin ya zaci an biya. Saboda haka zaɓin da ke gaban Malam a zahiri shi ne tsakanin Linux ta halas da ake sabuntawa, da Windows wadda ko wa'adinta ya ƙare ko an shigo da ita ta bayan gida. Ita wannan 'yar manhajar ba ta zama sai an kashe manhajar da ke gadin kwamfuta tukuna, kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ban da haka, makarantar da ke karantar da yara amana bai dace a ce kayan aikinta na sata ba ne, amma wannan fage na Malam ne, ya fi ni saninsa.

Ita Linux tushenta aikin Linus Torvalds ne, wanda ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, aka haɗa shi da kayan shirin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983. Lasisinta, GPL, ya halatta wa kowa ya kwafa, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu, don haka filas ɗaya ya isa a zagaye dukan kwamfutocin makaranta ba tare da neman izinin kowa ba. Lasisin Windows kuwa izinin amfani ne kawai, rubutun cikinta yana hannun kamfani. Linux iri-iri ce. Akwai Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, kuma duk shekara biyu a watan Afrilu yana fitar da zubi mai tallafin shekara biyar. Amma ga yara na fi son Linux Mint, wadda aka gina a kan Ubuntu, domin maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu kuma jerin manhajoji yana buɗewa kamar yadda suka saba gani. Zubinta na 22 yana da tallafi har 2029, tana tashi da ram gigabait 2 ko da yake 4 ya fi, kuma nau'inta na Xfce ya fi sauƙi ga tsohuwar na'ura. Ta Apple, wato macOS, ba ta cikin lissafi, domin lasisinta bai yarda a sa ta a kan na'urar da ba Apple ta ƙera ba.

Akwai wata fa'ida da duk wanda ya taɓa kai filas shagon buga takardu ya sani. Ka dawo gida ka buɗe, sai ka tarar manyan fayilolinka duk sun koma 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gefe, ka danna ɗaya cutar ta shige kwamfutarka. Wannan cuta don Windows aka rubuta ta, ba ta iya motsi a Linux, har ma za ka ga fayilolinka na ainihi da ta ɓoye, ka kwashe su. A ɗakin da yara da yawa ke cusa filas daga gidaje daban-daban wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, ko da yake filas ɗin yana nan ɗauke da cutar idan aka mayar da shi kan Windows. Haka kuma Mint ba ta sauke sabuntawa sai an ce mata ta yi, don haka ana iya jira sai akwai data kuma wuta ta tsaya.

Wajen rubutu kunnen doki ne. Dukansu suna rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, kuma dukansu suna da kibod na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Abin da zai burge Malam shi ne a jerin kibod na Linux akwai Hausar Ghana daban da ta Najeriya, tare da na Akan da Ga da Ewe.

Inda Windows ta yi zarra shi ne manhajojin da jama'a suka riga suka saba da su, kuma a nan ne ɗalibin naka bai faɗi komai ba. Microsoft Word da Excel na tebur ba sa aiki a Linux, haka Photoshop da CorelDRAW. Madadin Office shi ne LibreOffice, wanda aka fara a 2010, yana buɗe fayilolin Word kuma yana adana su a irin tsarinsu. Wasiƙa ko jerin sunayen ɗalibai ba su da matsala. Amma takardar jarrabawa mai jadawali da zane da ayoyi masu wasali, idan malami ya shirya ta a Word a gida aka buɗe ta a LibreOffice, takan zame: shafi biyu ya zama uku, lambar tambaya ta rabu da tambayarta. Babban dalili shi ne salon haruffa irin su Calibri mallakar Microsoft ne, ba sa zuwa da Linux; ana rage matsalar da sa Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, amma ba ta ƙarewa gaba ɗaya. Masu ɗab'i na unguwar New Town kuma da yawansu da CorelDRAW suke aiki, idan ana son su gyara takardar shaida ko kalandar makaranta, fayil ɗin CorelDRAW suke nema. Inkscape, madadinta a Linux, tana zane mai kyau, kuma PDF yana wadatarwa idan aikin ya kammala, sai dai ranar da aka ga kuskure a sunan ɗalibi ana tsaye a gaban injin, za a gane bambancin. Wannan ne ya sa na ce ta ofis ta zauna a Windows, kuma idan ita ma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, a nemi tsohuwa guda mai zubi na 8 ko sama, wadda ta zo da lasisinta a jiki.

Sai batun manhajar karatu. Littattafan kwamfuta da yaranmu ke karantawa don jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, galibi hotunan Windows da Word ne a cikinsu, har a 2018 wani malami a yankin Ashanti ya yi suna a duniya saboda ya zana fuskar Word da alli a allo don rashin kwamfuta. Yaron da ya iya adana fayil da tsara sakin layi a LibreOffice ba zai sha wuya a Word ba, amma sunayen wasu maɓallai da wurarensu sun bambanta, kuma jarrabawa takan tambayi suna. Ya kamata malamin darasin ya riƙa nuna musu bambancin a fili, idan da hali ma a bar na'ura ɗaya da Windows 10 ɗinta ta asali, a cire ta daga intanet, don wannan aiki kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne mai kula. Idan ka kai kwamfuta mai Linux Tip Toe Lane, layin masu gyara da ke Circle, akasari mai gyara zai kalli fuskarta, ya zaro filas daga aljihu, ya ce sai an goge, kafin la'asar ta dawo da Windows ta sata. Masana Linux suna nan a Accra, cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da ke Ridge, wadda Ghana da Indiya suka kafa a 2003, ta daɗe tana horar da mutane a kan buɗaɗɗun manhajoji, amma ba a kowane lungu ake samunsu ba. Don haka kafin a goge komai, ɗalibin da ya kawo shawarar ya yarda zai koya wa malami ɗaya ko biyu yadda ake sabuntawa, da sa manhaja, da buɗe wa yara asusun da ba shi da ikon taɓa saitin na'ura. Idan ba a samu wanda zai ɗauki wannan nauyi ba, shawarata ta raunana ƙwarai.

Linux tana tashi daga filas ba tare da ta taɓa abin da ke cikin na'ura ba, saboda haka a fara da gwaji a kan kwamfuta ɗaya daga kowane iri: a duba sauti, a duba intanet, a rubuta layi ɗaya na Larabci da ɗaya na Hausa, a buɗe tsohuwar takardar jarrabawa, sannan a aika shafi zuwa firinta. Firintocin HP galibi suna aiki nan take, wasu ƙananan na leza masu arha kuma sai an yi fama. Idan taku ta ƙi, a bar ta a jikin kwamfutar ofis, malamai su riƙa kai mata aikinsu a PDF.