Jibdar ta gaske ce, amma mai sayarwar bai kyauta mini ba

Saitin da na saya shi ne mai ƙananan kwalabe biyar ɗin nan da ake yi wa masu haɗa turare talla: jibda, anbar, kastoriyam (wanda ake samu daga jikin wata dabbar ruwa da ake kira biba), dutsen rema da man oud na yankin Assam a Indiya. Tun da na fara haɗa turare nake jin manya a sana'ar suna cewa turaren da babu ɗan wari a ƙasansa ba ya kama jiki, iska ce kawai ke kwashe shi. Na gaji da aiki da na roba, wato kwaikwayon da ake haɗawa da sinadarai, na ce bari in ji na asali da hancina.

Tun kafin in yanke tef ɗin kwalin na san akwai matsala. Murfin kwalbar jibda ba a ɗaure shi da kyau ba, ba a naɗe shi da komai ba, ba a ma sa kwalbar a leda ita kaɗai ba. Fiye da rabinta ya tsiyaye cikin audugar da aka cusa, ya bi sauran kwalaben, ya jiƙe takardun sunayensu har rubutun biyu daga ciki ya goge. Wallahi ban taɓa jin wari irin wannan ba. Ɗoyin kashi ne haɗe da zarni, da wani hamami mai maiƙo da ke tsayawa a maƙogwaro. Sai da na fita na sha iska kafin in iya komawa ɗakin. Na wanke hannu da sabulu har fata ta fara zafi, warin yana nan. Abu ne mai kitse, ruwa ba ya ɗaga shi, sai da na murza mai a hannun, na goge da alkohol, sannan ya ragu. Labule kuwa da rigar da ke jikina sun daɗe suna fama. Kowa ya shigo sai ya toshe hanci ya tambayi abin da ya mutu.

Wanda ya san jibda ya san dalilin wannan naci. Tunkun jibda yana fitar da ita ne daga wata jaka da ke ƙarƙashin wutsiyarsa, yana shafa ta a jikin itatuwa da duwatsu don ya nuna iyakar yankinsa, kuma abin da aka halitta don ya jure rana da ruwan sama ba zai bar labule cikin sauƙi ba. A cikinta akwai sikatol, wanda shi ne ke ba wa bayan gida warinsa, akwai kuma sibeton, sinadari mai nauyi da ba ya saurin tashi, wanda masanin sinadarai Leopold Ružička ya gano tsarinsa a 1926. Duk mai sayar da irin wannan kaya ya san haka. To me ya hana shi ɗaure murfi? Na rubuta masa, na tura hotuna. Amsar da na samu layi ɗaya ce, wai dama haka jibda take wari. Ni ban yi ƙorafi kan wari ba, ai warin na biya kuɗi na saya. Ƙorafina kayan da suka zube ne, kuma har yau bai ce uffan a kan wannan ba.

Da raina ya ɗan huce sai na ɗauki abin da ya rage. Na laƙato kaɗan da bakin tsinke, na narka a alkohol, na yi ta sirkawa har ya kai wajen kashi ɗaya cikin dubu, na rufe na ajiye a wuri mai duhu ya tsima. Ina da wani haɗin wardi da sandal da ya daɗe yana ba ni haushi, ƙamshinsa mai kyau ne amma a bushe yake, ba ya daɗewa a fata. Na raba shi biyu, na ɗiga jibdar a ɗaya.

Abin da na ji ya sa na zauna. Babu ɗoyi ko kaɗan. Wardin ya buɗe, ya yi ɗumi, ya zama kamar furen da ke jikin itacensa da hantsi, sandal ɗin ya yi laushi ya kwanta. Na shafa ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, zuwa yamma na hagu ya ɓace, mai jibdar kuwa yana nan, ya haɗu da ƙamshin fatata har ba a rabewa. A ranar na fahimci abin da ya sa turaren Jicky na kamfanin Guerlain, wanda ya fito a 1889, da Chanel No. 5 na 1921 suka jingina da wannan abu. Furanni ma kansu haka suke: yasmin tana ɗauke da indol, sinadarin da shi ma ake samu a kashi, kuma in an cire shi ƙamshinta sai ya zama na sabulu. Gaskiya a lokacin na yafe wa mai sayarwar a zuciyata, har na fara tunanin sake yin oda.

Sai na zo kan anbar, raina ya sake ɓaci. Anbar na gaske daga hanjin wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa yake fitowa, yana taruwa ne a kan ƙaƙƙarfan bakin halittun ruwan da take haɗiyewa. Sabonsa baƙi ne mai ɗoyi, sai ya shekara da shekaru yana yawo a kan teku, rana da gishiri suna cinsa, sannan ya koma ruwan toka, ƙamshinsa ya zama na ƙasa da gishiri da ɗan ƙarni. Abin da ke cikin kwalbata fes yake, mai kaifi, babu ƙarni babu komai. Na ajiye shi kusa da ambroksan ɗin da nake da shi, wato anbar na roba, wanda tun 1950 aka san yadda ake haɗa shi daga sinadarin wani ganye, hancina bai ji bambanci ba. Ambroksan abu ne mai kyau, ina amfani da shi kullum, amma ba shi aka rubuta a tallar ba. An rubuta na asali, an kuma karɓi kuɗin na asali. Ga shi ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya sun hana cinikin anbar, amma ko kalma ɗaya ta gargaɗi babu a shafin kayan.

Wannan rashin bayani ya bi dukkan kwalaben. Babu inda aka rubuta ƙarfin kowanne, ko zalla ne ko sirkakke, alhali a wannan aiki ɗigo ɗaya da ya wuce ƙima yana kashe kwalba guda. Babu kuma asalin jibdar. Mafi yawan wadda ke kasuwannin duniya daga Habasha take, inda ake kama tunkun a daji, a tsare shi a ƙuntataccen keji, ana kankare jakarsa lokaci-lokaci. Abin yana damuna ƙwarai, kuma saboda irin wannan ne Chanel suka koma ta roba a 1998. Na tambaye shi daga ina tasa take, shiru. Yanzu ina da haɗin da ya fi duk abin da na taɓa yi daɗi, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Kastoriyam ɗin ba laifi, ƙamshin fata da ƙaurin hayaƙi, ya yi daidai da turaren maza. Oud ɗin yana da warin garken nan da aka san na Assam da shi, wanda ke zuwa daga jiƙa itacen da ake yi kafin a tace man, amma kaɗan ne ƙwarai a kwalbar, ko gwaji biyu bai isa ba.

Dutsen rema ne ya ba ni mamaki na biyu. Fitsari ne da kashin rema da suka taru a kogunan duwatsun kudancin Afirka suka daskare tsawon ɗaruruwan shekaru, ana fasowa ana jiƙawa a alkohol, ba a taɓa ko dabba ɗaya. Zallansa zarni ne tsagwaron, amma da na sirka shi sai ya ba ni ɗumin jibda haɗe da ɗan ƙamshin taba da fata. Bai kai jibda laushi a kan wardi ba, sai dai ya zo kusa, a kan yasmin kuwa ni ya fi mini. Shi kaɗai nake nema yanzu, a wajen wani mai sayarwa daban wanda ke rubuta kashi nawa ne a jikin kwalba.