Zinaren Ruwa da Zinaren Mai a Kujerun Zamanin Louis XVI

Kujerun Faransa na zamanin Louis XVI, da ya hau mulki a 1774, miƙaƙƙun ƙafafu gare su masu tsagi, da adon sassaƙa mai siffar jerin ƙananan duwatsun ado da ganye. Hanya biyu ake bi wajen manna musu fallen zinare.

Ta ruwa ita ce mai wahala. Ana dama alli da gam ɗin fatar zomo, a shafa wa katako sau takwas zuwa goma, a sake sassaƙa adon da allin ya cike, a bi da jan yumɓu. Sannan a jiƙa, a ɗora falle, in ya bushe a goge da dutsen aƙiƙ har ya yi ƙyalli. Matsalarta danshi: tsumma mai laima kan ɗauke zinaren, jan yumɓun ya bayyana.

Ta mai kuwa, man ƙwayar linin ake shafawa, a jira ya fara danƙo, sannan a ɗora falle. In aka yi gaggawa, fallen ya nutse ya dushe. Tana jure laima, amma ba a iya goge zinarenta har ya yi ƙyalli.

Ga ado mai siririn sassaƙa, ta ruwa ta fi, domin ita ke raba wuri mai ƙyalli da mara ƙyalli.